An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Maganar Fulogin Keke A Unguwarmu

Jama'ar unguwa, akwai wata magana da ta fi kowace yawo a bakin garejin keke, tun daga Agege har Dopemu da Abule-Egba. Maganar ita ce "fulogi ne." Keke ya ƙi tashi da asuba, fulogi ne. Yana shan mai kamar an huda tanki, fulogi ne. Yana tari in an hau gada, yana mutuwa a gosulo, yana baƙin hayaƙi, duk fulogi ne. Tun ba a ɗaga murfin injin ba an riga an yanke hukunci. A kwance na ciki a jefar a kwata, a ɗaura wani, a karɓi kuɗi, bayan kwana huɗu yaro ya dawo da kukan da ya zo da shi. Mu dai mun gaji da ganin wannan, shi ya sa muka ce yau sai mun yi maganar a fili, ko da kuwa za ta ɓata wa wasu rai.

Wani zai ce mujallar unguwa ta rasa abin rubutu sai ɗan ƙarfen da bai fi yatsa ba. To, a zagaya gidajenmu a ƙirga nawa ne tukunyarsu take dogara da ƙafa ukun nan. Tun zamanin da Buba Marwa yake mulkin Legas, tsakanin 1996 da 1999, keke ya samu gindin zama a garin nan, har sunansa ya bi shi, ana cewa Keke Marwa. Daga baya shirin yaƙi da talauci na NAPEP, wanda gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001, ya baza shi a ƙasa baki ɗaya. Yau samarinmu da yawa da suka sauko daga Arewa ba su da wata gona sai shi. Da shi ake biyan haya, da shi ake aika na cefane gida, da shi ake tara kuɗin aure.

Kuma gonar ta ƙuntata. Ranar 1 ga Fabrairu 2020 gwamnatin Legas ta hana okada da keke aiki a ƙananan hukumomin Apapa, Lagos Mainland, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island da maƙwabciyarmu Ikeja. Hanyoyin da suka rage sai aka yi musu yawa. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har ta haura naira 1,000 a wasu gidajen mai kafin ƙarshen 2024. Ga tikiti kullum, ga balas, ga 'yan agbero. A irin wannan hali, duk abin da yake zuƙe mai a ɓoye ko yake tsayar da keke rabin yini, maganar abinci ce, kuma dole a yi ta.

Abin Da Fulogi Yake Yi, Da Abin Da Ba Ya Yi

Aikin fulogi guda ɗaya ne. Kafireta tana haɗa mai da iska, fistin yana matse su, kwayil yana turo wuta mai ƙarfin dubban volt, wutar ta tsallaka 'yar tazarar da ke bakin fulogi, tartsatsi ya tashi, man ya kama. Injin kekunan da muke ja a yau, Bajaj RE ne ko TVS King, silinda ɗaya gare shi, kuma a kowane juyi biyu yake ƙona mai sau ɗaya. In injin yana juyi 3,000 a minti, fulogi yana kunna mai sau 1,500 kenan a minti ɗaya, sau 90,000 a awa guda. Mota mai silinda huɗu in fulogi ɗaya ya yi rauni sauran ukun za su ja ta zuwa gida. Keke ba shi da wannan gatan. Wasu Bajaj masu tsarin DTS-i suna da fulogi biyu a kan silinda ɗayan, amma su ma an yi su ne su yi aiki tare, ba don ɗaya ya huta ba.

Ga abin da masu cewa "fulogi ne" ba sa son a faɗa. Bakin fulogi yana zaune ne a cikin ɗakin da wuta take ci, saboda haka duk abin da ke faruwa a ɗakin yana barin alama a jikinsa. Shaida ne shi. In ka ciro shi ka ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, kamar shayi da madara, a bushe, injin lafiya lau. In ka ga baƙi ƙirin a bushe kamar gindin tukunya, mai ya fi iska yawa: ko matatar iska ta toshe da ƙura, ko an bar cok a ja, ko kafireta ta kauce daga saiti, ko keken yana daɗewa a kunne a tsaye. In baƙin yana da maiƙo yana sheƙi, baƙin mai ne yake hawowa, ringi ya ci ko robar bawul ta mutu. In kuwa ya yi fari fat, ko ƙarfen bakin ya fara narkewa, injin yana ɗaukar zafi fiye da kima: mai ya yi kaɗan, ko iska tana shiga ta wani tsagi, ko kuma fulogin ba na injin ba ne.

Yanzu a duba. A cikin waɗannan alamu, wanne ne sabon fulogi yake warkarwa? Matatar da ta toshe tana nan a toshe. Ringin da ya ci yana nan a ciye. Sabon fulogi zai shiga ɗakin da ya ɓata na farko, shi ma ya ɓaci. Keken zai yi kwana biyu yana tashi da bugu ɗaya, yaro ya yi ta sa wa Oga albarka, a kwana na biyar a koma gidan jiya. An bar jaki ana dukan taiki kenan, kuma mai biyan kuɗin sandar shi ne yaron da ya fita tun duhun asuba.

Ga Kanikawanmu

Oga, da kai za mu fara, domin kai aka ba amana. Mun san a cikinku akwai mutanen kirki, waɗanda in suka ciro fulogi sai sun juya shi a haske sun nuna wa direba, sun ce masa ga abin da ke damun injinka. Waɗannan Allah ya ƙara musu kasuwa. Maganarmu tana kan wanda ya mai da fulogi abin sallamar kwastoma. Canja fulogi minti biyar ne, ga ɗan riba a kan kayan, ga kuɗin hannu. Wanke kafireta da duba matatar iska da auna ƙarfin matsin injin suna cin lokaci, layi kuma ya yi tsawo. To sai a zaɓi mai sauƙi. Wanda ya ga maiƙo a bakin fulogi, ya san ringi ne, ya yi shiru ya ɗaura sabo don yaron ya dawo jibi, ya ci kuɗin da bai halatta gare shi ba, ko da sau nawa ya ce ai shi ma nema yake.

Sai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wato miƙa wa ɗan koyo sifana a kan inji mai zafi. Kan silinda na alminiyom ne, fulogi kuwa ƙarfe ne mai tauri. In injin yana da zafi aka murɗe da ƙarfi, ko aka sa sabo a karkace aka bi shi da sifana tun juyin farko, haƙoran ramin, abin da kuke kira tiredi, su ne za su tafi. Daga nan aikin minti biyar ya zama na sauke kan inji, a kai wurin masu sa sabon tiredi, ko a sayi wani kan gaba ɗaya. Sannan a juyo a ce wa direba "dama can ya ci." Haba Oga. Yaron da kake koya wa aiki, ka fara koya masa cewa yatsu ne suke fara ɗaura fulogi, sifana ƙarasawa take yi.

Akwai kuma tsohuwar dabarar nan ta zuba wa fulogi fetur a cinna masa wuta, a kankare da samfefa, a mayar. A tsakiyar hanya, da dare, babu shago a buɗe, ba wanda zai zargi mutum in ya goge bakin fulogi don ya isa gida. Amma a gareji, a karɓi kuɗi a kira shi gyara? Ƙarfen bakin da ya cinye ba ya dawowa don an goge shi. Ƙurar samfefa in ta maƙale a ciki, cikin silinda za ta faɗa. Haka gwajin nan na jingina fulogi a jikin inji a ga ko yana ba da wuta: tartsatsin da ya tashi a sarari ba ya nuna zai tashi a cikin matsi, inda wutar take buƙatar ƙarfi fiye da haka. Kuma yin wannan gwajin dab da ramin da ke fitar da tururin fetur neman gobara ne.

Ga Masu Shago

Alhaji mai kayan gyara, kai ma da kai muke. Kowa ya san a kasuwar kayan gyara, daga Ladipo har ƙananan shagunan bakin titi, na gaske da na jabu suna zaune kafaɗa da kafaɗa, a kwali iri ɗaya, da suna iri ɗaya. NGK da Denso na Japan ne, Bosch na Jamus, sun yi suna, shi ya sa masu jabu suke kwaikwayon su. Kai da kake sari ka san wanne ka ɗauko, domin farashin da ka biya ya gaya maka. In yaro ya zo ya ce a ba shi mai araha, ka ce masa wannan na kwaikwayo ne, ga kuɗinsa, ga na gaske, ga kuɗinsa, ya zaɓa da idonsa a buɗe, ka fita. Amma ka miƙa masa jabu a kuɗin na gaske kana rantsuwa, sunan wannan algus, kuma ɗan'uwanka ka yi wa, wanda gobe za ku haɗu a sahu ɗaya.

Kada wani ya ce ai duk tartsatsi ne. Fulogi na gaske yana da jan ƙarfe a cikin tsakiyarsa, wanda yake kwashe zafi daga baki ya kai shi jikin inji. Na jabu sau da yawa ana rage wannan, ko a yi ƙarfen bakin da abin da ba ya jure wuta. In bakin ya yi ja, shi da kansa zai riƙa kunna mai tun kafin lokaci, fistin yana hawowa wuta tana dukansa. Haka ake samun fistin da ya huje. Wani kuma ɗan ƙarfen da ya lanƙwaso a baki ne yake ɓallewa ya faɗa cikin silinda. Araha ba ta ado, Hausawa suka ce, a nan kuwa araha har inji take ci.

Direba ma ya buɗe ido. Duba rubutun da ke jikin farin tangaran: in ya dusashe, ko ya karkace, ko yana gogewa da farce, ajiye shi. Duba wasan da ke gindin tiredi: na gaske ba ya zamewa ya faɗo da kansa. Duba ko ƙarfen tsakiya yana tsaye daidai a ƙarƙashin wanda ya lanƙwaso. In kuɗin ya yi ƙasa ƙwarai da yadda ake sayarwa a wurin dillalin kamfani, tambayi kanka dalili. Ka nemi rasit. Mai kaya na gaskiya ba ya jin tsoron rubuta abin da ya sayar.

Lamba Ba Ado Ba Ce

Wani abin da yake ba mu mamaki shi ne yadda ake sayen fulogi da ido. A ɗauko tsohon a jera da sabo, in sun yi kama, shi kenan. Wani ma na janareto ko na okada za a ɗaura masa, wai ai ya shiga. Haruffa da lambobin da ke jikin fulogi kowanne da ma'anarsa. A tsarin NGK, harafin farko yana nuna kaurin tiredi: B milimita 14, D milimita 12, C milimita 10. In akwai R, fulogin yana da abin da ke rage hayaniyar lantarki. Lambar tsakiya tana nuna yadda yake ɗaukar zafi, kuma a wurinsu in lambar ta ƙaru fulogin ya fi saurin zubar da zafi. A wurin Bosch abin a juye yake, saboda haka 7 na wannan kamfani ba shi ne 7 na wancan ba. Harafin da ke bin lambar yana nuna tsawon tiredi: E milimita 19, H milimita 12.7.

Me zai faru in an kauce? Wanda ya yi tsawo zai leƙa cikin silinda, yana iya taɓa fistin, kuma datti zai daskare a haƙoran da suka leƙo, ranar cirewa ya tafi da tiredi. Wanda ya yi gajarta tartsatsinsa yana ɓuya a cikin rami, mai ba ya ƙonewa sosai. Wanda ya fi injin sanyi zai riƙa yin baƙi a gosulo, wanda ya fi shi zafi zai dafa fistin. Kamfanin da ya ƙera keken ya rubuta lambar da ta dace a littafin da ke zuwa da shi. Ina littattafan nan suke? Akasari suna cikin durowar mai keke, ko an yar tun ranar da aka yage ledar kujera. Wanda ya mai da kekensa mai amfani da iskar gas ta CNG kuma, ya tambayi inda aka yi masa aikin wane fulogi da wace tazara suka dace, domin gas ya fi fetur wuyar kamawa.

Ga Masu Keke

Alhaji, Hajiya, ku da kuka zuba jari kuka ba yara, ba za mu tsallake ku ba. Kullum da yamma ana kawo muku balas, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Amma in maganar sabis ta taso sai a ce "kai ka sani." Yaron da ya rage masa ɗan abin da zai ci tuwo bayan mai da tikiti da balas, kuna tsammanin zai nufi wurin dillali ya sayi na gaske? Zai sayi mafi araha, ya ɗaura, ya yi addu'a. Ranar da injin ya buga, ku ne za ku fara cewa yaran yanzu ba su da amana, ku karɓe makulli. Wanda yake biya kaɗan-kaɗan don keken ya zama nasa, in ya yi sati a gareji bashi ya taru a kansa, wani lokaci har ya rasa keken da abin da ya riga ya biya.

Keken nan dukiyarku ce. Fulogi da matatar iska da baƙin mai su ne mafi arahar abin da ke tsare ta. Ku cire kuɗinsu daga balas, ku sayo da kanku ko ku sa a kawo muku tsohon da aka cire da rasit. A rubuta a yarjejeniya tun ranar farko wa ke da alhakin me. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga Samarinmu Direbobi

Ku kuma, 'yan samari, kada ku ɗauka mun wanke ku. Mutum ya shekara uku yana jan keke, ya san kowane rami daga Pen Cinema zuwa Iyana-Ipaja, amma bai taɓa riƙe fulogin kekensa ya kalli bakinsa ba. Wani hular fulogin ta tsage, sai ya cire ta ya naɗe wayar a kai haka nan. Ruwan Yuni da Yuli ya sauko, titi ya cika, wuta ta riƙa zurarewa ta gefe, keke ya mutu a tsakiyar ruwa da fasinja a ciki. Wani ya cire matatar iska gaba ɗaya wai don keke ya ƙara gudu, yana shayar da injin yashi. Wani ya sayi man galan a bakin hanya wanda bai san da me aka gauraya shi ba. Duk waɗannan a bakin fulogi suke bayyana, sannan a ce fulogin ne ba shi da kyau.

Mun san amsar: babu kuɗi. To mu yi lissafi. A ce raunin wuta da toshewar matata suna sa keke ya ƙara shan rabin lita kacal a yini. A kwana 26 na aiki lita 13 kenan. Kowa ya buga da kuɗin litar yau, ya kwatanta da kuɗin fulogi na gaske guda ɗaya. Ba a ma sa ranar da aka yi asara a gareji ba, ba a sa fasinjan da ya sauka ya ƙi biya ba, ba a sa abin da zai biyo baya in keke ya mutu a kan babban titi jami'an hanya suka iso ba. Mai cewa ba shi da kuɗin na gaske yana biyan ninkinsa a gidan mai, bai dai gani ba ne saboda kaɗan-kaɗan ake cira.

Amsa ta biyu ita ce "Oga ya fi ni sani." Ƙwarai ya fi ka sani, shi ya sa kake da haƙƙin ka tambaye shi. Ka ce ya nuna maka wanda ya cire. Ka tambayi me ya sa ya yi baƙi. Bakanike na gari yana jin daɗin wannan tambayar. Wanda ya harzuƙa don an tambaye shi, ya gaya maka ko shi wane ne.

Yadda Ake Yi

Don kada a ce mun yi faɗa ba mu kawo magani ba, ga yadda aikin yake, kuma ba ya buƙatar digiri. A bar injin ya huce, da safe kafin a fita ya fi. A kama hular fulogi a ja, kada a ja waya. A share yashi da laka da ke kewaye da gindinsa kafin a kwance, domin duk abin da ke wurin cikin silinda zai gangara. A sa sifanar fulogi wadda ta zauna daidai, a kwance a hankali. A kalli bakin, a karanta abin da ya faɗa, in akwai ciwo a wani wuri a bi shi.

A tabbatar lambar sabon ita ce ta littafi. A auna tazarar baki da ma'aunin tazara, 'yan siraran ƙarafan nan da kanikawa suke saita bawul da su. A irin waɗannan injina tazarar takan kasance tsakanin milimita 0.6 da 0.8, littafin keken shi zai faɗi daidai. Ba a auna ta da farce ko da reza. A sa fulogin da yatsu, a murɗa har ya zauna. In ya cije tun juyi ɗaya ko biyu, a dawo da shi baya a sake, kada a tilasta. In ya zauna, sai a ƙara kamar rabin juyi da sifana idan sabo ne, don wasan ya matse. In tsohon ake mayarwa, ɗan taɓi kaɗan ya isa, domin wasan ya riga ya kwanta. A duba hula da waya ko sun tsage, a mayar har a ji ta kama. Mai fulogi biyu ya canja su tare, lamba ɗaya.

Yaushe ake canjawa? Littafi ya faɗi kilomitar. Mun san agogon kekuna da yawa ya daɗe da mutuwa, to a ƙirga da kwana. A ce littafin ya ce kilomita 10,000, keke kuma yana yin 100 a yini, kwana 100 kenan, wata uku da ɗoriya. A rubuta ranar a bayan katin tasha ko a waya. Kuma kowane keke ya kasance da sifana da fulogi ɗaya na gaske a ajiye a cikin kwalinsa.

Abin Da Muke Nema

Shugabannin tashoshinmu, kuna karɓar kuɗin ƙungiya, kuna raba faɗa, kuna belin wanda aka kama, mun yaba. Muna neman ƙarin abu kaɗan. Ku haɗa kuɗi ku sayo fulogi da matatar iska kwali-kwali daga dillalin da kamfani ya amince da shi, ku sayar wa 'ya'yan ƙungiya a kan farashin sari. Ku ajiye sifana da ma'aunin tazara a ofishin tasha, ku liƙa takarda a bango mai nuna lambar fulogin kowane irin keke. Ku samu bakanike ɗaya mai mutunci ya zauna da sababbin direbobi awa guda a wata. Shagon da aka kama yana sayar da jabu da sunan na gaske, a yi masa magana sau ɗaya a gaban dattawa. In ya ƙi ji, a sanar a tasha a daina saye a wurinsa, kuma akwai hukumar SON mai kula da ingancin kaya da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, an kafa su ne don irin wannan.

Muna zaune a garin da in keken mutum ɗaya ya mutu ya tare hanya, ba sunansa ake kira ba, dukanmu ake kira. Muna da ikon rage wannan da hannunmu, ba sai mun jira gwamnati ba. Gobe da safe, kafin a buga inji, kowane direba ya ciro fulogin kekensa ya kalli bakinsa. In ya ga baƙi ko maiƙo ko fari, ya tafi da shi a hannu wurin Oga, ya ce a gaya masa dalili kafin a ɗaura wani.